Yatsan da Ya Ƙwanƙwasa Babbar Uwa

Da sunan Wanda ya fara gini da laka tun ba wanda ya san laka, ya busa mata rai ta miƙe ta yi tafiya. Ni Tasalla 'yar Barmo, maginiyar tukwane, jikar maginiya, na ga gulbin da ake hayewa a cikin randa, na ga ƙasar da ruwa ke zubowa daga kafaɗun mata, na kuma yi kwana uku ina kallon hannuna na dama ina yi masa sallama. Ke Lantana, tun safe kike satar kallon wannan karkataccen yatsa nawa, kina tsammanin ban gani ba. To ajiye yumɓun nan ki wanke hannu ki zauna, yau za ki ji abin da ya same shi.

Kakata Yalwa tana da wani guntun tsingaro da take ɓoyewa a ƙasan adudunta. Rabin fuskar mace ne: ido ɗaya, kumatu mai tsaga uku, da gefen baki kamar za ta yi magana. Wani bafatake ne ya ba ta, ya ce daga birnin Gwazarma ya tsinto shi, can gabas inda hanya ke ƙarewa. Abin da ya hana kakata sukuni shi ne jan da ke jikinsa. Mu jar ƙasarmu damina biyu take yi a jikin tulu ta koɗe. Wannan kuwa ta jiƙa shi cikin ruwan toka, ta goge shi da yashi, ta bar shi a kan rufin ɗaki shekara guda, ja yana nan kamar jiya aka shafa. Har ta rasu ba ta gano yadda aka yi shi ba. Ranar da za ta cika ta damƙa mini shi ta ce, “Ke ce mai taurin kai a gidan nan, je ki tambayo.”

Shekarar da na fita takaba na ɗaure kayana. Yayana Nomau ya rantse ba zan tafi ni kaɗai ba, ya kama jakinsa ya biyo ni. Allah ya jiƙan Yaya Nomau, mutumin kirki ne, amma tsoro gare shi, ko kaza ta yi tari sai ya waiwaya. Wata bakwai muna tafiya. Mun ratsa dajin da itatuwansa ke sunkuyowa su shinshina matafiyi, mun wuce filin da ƙasarsa ke da zafin da muke binne ƙwai mu tono shi dafaffe. Duk wannan ba shi zan ba ki ba, kada rana ta faɗi tukwane ba su shiga inuwa ba.

A wata na bakwai muka iso wani gulbi baƙi wuluk, ba a hango ɗaya gaɓar. Mutanen wurin ba su san jirgi ba. Manyan randuna suke ginawa, kowace tana cin mutum biyu da kayansu, mai fito ya faɗa ruwa yana iyo yana tura ta. Mai fiton ya ga baƙi, ya jawo mana wata randa mai kyau, an zane ta da fari da ja kamar ɗakin amarya.

Kin san halinmu. Maginiya ba ta wuce abin yumɓu ba ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa ba, ko da a gidan surukai ne. Lafiyayyar tukunya takan amsa da zaƙi, ƙararta ta daɗe tana yawo a kunne. Mai tsaga kuwa, ko tsagar ba ta kai gashin kai ba, sai ta ce dus ta yi shiru. Na ƙwanƙwasa randar nan ta ce dus.

Na ce, “Malam, ba mu waccan mummunar ta gefe.”

Ya ce, “Baiwar Allah, shekara ashirin ina fito, ke za ki koya mini randa?”

Na ce, “Fito ka sani, randa kuwa ni na sani. In ba waccan ba, a nan za mu kwana.”

Ya yi tsaki ya ba mu mummunar, ya loda buhunan gishirin wani ɗan kasuwa a cikin mai kyaun. Muna tsakiyar ruwa, jaki yana iyo a bayanmu, muka ji ƙas! Randar amarya ta rabe biyu, gishiri ya koma inda ya fito. Yaya Nomau ya riƙe bakin randarmu da hannu biyu. Sai da muka taka ƙasa ya sake ta. Ya ce, “Yau dai yatsan ya cece mu. Amma wallahi Tasalla, wannan yatsa naki da ba ya neman izini, wata rana shi zai kashe mu.” Na yi masa dariya. Da na sani da ban yi ba.

Kwana tara bayan haka muka ga Gwazarma. Birni ne a gindin wani tsauni, gonaki kore shar a kewaye, alhali ko'ina kafin nan ƙasa a bushe take. A jikin tsaunin an sare manyan ɗakuna tara, a kowane ɗaki mace tana zaune, ta yumɓu, tsayinta ya kai mutum uku. Kowace da tulu a kafaɗa, ruwa yana zubowa daga bakin tulun ya bi kwata ya shiga gari. Lantana, na tsaya baki buɗe har ƙuda ya kusa shiga. Kitsonsu daban-daban, wannan zane, waccan doka. Akwai mai jigida, akwai mai goyo, akwai wata siririya da ta karkatar da kai kamar tana sauraron gulma. An shafe su da ja da fari da baƙi da ruwan ɗorawa. Mutanen garin ba bauta musu suke yi ba, na tambaya. Sun ce matan da suka kafa garin ne, su suka huda tsauni suka jawo ruwa, suka gina siffofinsu da hannunsu don kada a manta. Iyaye suke ce musu. Ta tsakiya, wadda ta fi girma da tsufa, ita ce Babbar Uwa.

Mai kula da su wata tsohuwa ce, Inna Gwamma, doguwa, busasshiya, da jaririya goye a bayanta. Jikarta ce, uwar ta rasu wurin haihuwa wata huɗu da suka wuce. Ita ta tare mu a bakin farfajiya ta gaya mana doka.

Ta ce, “'Yata, kallo dai, kallo kawai. Fatar ɗan Adam ba ta taɓa Iyaye. Mu da ke shafa musu launi kowace shekara, da gashi a bakin doguwar gora muke yi, daga nesa. Hannun da ya taɓa su, yanke shi ake yi. Kin ji?”

Na ce, “Na ji, Inna.”

Kuma na ji ɗin, da kunnuwana biyu. Muka matsa kusa da Babbar Uwa. Na lura tulunta ba ya zuba kamar na sauran, ɗan tsiyaya kawai yake yi. Jikinta kuwa jiƙe yake sharkaf, ruwa na tsattsafowa daga ƙirji da ciki. Inna Gwamma ta ce da murna, “Kin ga gumin Uwa? Bana ya fi na kowace shekara. Nan da kwana uku ranar Shafe ce, duk jariran da aka haifa bana za a kwantar da su a gindin ƙafafunta gumin ya ɗiga musu. Wannan marainiya tawa ita ce ta farko.”

Ni hankalina yana kan launi. Na ga jan nasu ba irin na tsingaron kakata ba ne, wannan mai kauri ne, ya yi ɓawo-ɓawo. Ina tunanin haka, ina matsawa, ina leƙe. Wallahi ban aiki yatsan nan ba. Ji kawai na yi ya sauka a ƙaurin Babbar Uwa, sau biyu.

Ta ce dus.

Wata mata ta saki ƙwarya. Yaya Nomau ya ɗora hannu a ka ya ce, “Innalillahi, ai na faɗa!” Ni kuwa tsoro biyu ne suka kama ni lokaci guda, ban san wanda ya fi ba. Na yi ihu, “Ta tsage! Jama'a, wannan a tsage take, kuma cike take da ruwa!” Ba wanda ya saurare ni. Dogarawa mata biyu suka murɗe ni suka kai ni gaban Magajiya, mai mulkin garin, wata mace mai jiki da zobba a duk yatsunta. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce da safen ranar Shafe, kafin a kwantar da jarirai, za a yanke hannun. Kafin nan, hannun ya yi wa Iyaye aiki: a kai ni ɗakin launi in yi niƙa.

Kwana uku. Kin san mene ne maginiya ba hannun dama? Ko gammo ba za ta iya naɗawa ba. Ina niƙa jar ƙasa a kan dutse ina kallon hannun, jijiyoyinsa, tabon wutar da na samu ina 'yar shekara tara, ƙumbar da yumɓu ya cinye. In na ji an wasa wuƙa a maƙwabta sai in ɓoye hannun a cikin zane.

Inna Gwamma ce ke tsarona. Rana ta farko ta zauna gefena da nata aikin. Ina kallon yadda take haɗa launi: jar ƙasa, ƙaro, da man wani itace mai danƙo. Na kasa haƙuri na ce, “Inna, shekara nawa kuna shafa wannan?”

Ta ce, “Tun kakannin kakanni. Sabo a kan tsoho.”

“Ba a taɓa kankare tsohon ba?”

Ta dube ni kamar na zagi uwarta. “Da me za a kankare? Da ido?”

Na ce, “Inna, ki ji ni don Allah. Abin da kuke kira gumi yoyo ne. Tulunta ya rage zuba saboda laka ta taru a cikinta ta toshe hanya, ruwan tsauni yana turowa ba shi da mafita. Na ji da yatsana. Launin nan naku ne kaɗai ke riƙe da ita, kamar zane a jikin ƙwaryar da ta fashe. In ta buɗe, duk wanda ke gindinta ya tafi.”

Ta gyara goyo ta ce, “Kowa za a yanke wa hannu yakan samo labari. Yi niƙanki.” Amma na ga ta kai hannu baya ta dafa jaririyar.

Rana ta biyu da azahar, lokacin da garin ke kwance saboda zafi, Inna ta fita nemo wa jaririya nono wurin wata mai shayarwa. Sai ga fuskar Yaya Nomau a taga, gumi na zuba. Ya kawo jaki da babban kwandon da ake ɗauko ganye da shi.

Ya ce, “Fito maza! Shiga kwando in rufe ki, kafin la'asar mun yi nisa.”

Mutumin da ke tsoron tarin kaza, Lantana. Har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Ba zan yi miki ƙarya in ce na tsaya tunani ba. Na haura taga, na sa ƙafa ɗaya a cikin kwandon. Daga nan ake hango farfajiyar Iyaye. Na ga mata suna shimfiɗa sababbin tabarmi a gindin Babbar Uwa, ƙanana, jere, na ƙirga har talatin da ɗaya. Ta farko, wadda ke manne da yatsun ƙafarta, an ɗora mata ɗan farin zane.

Na tsaya da ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Yaya yana cewa, “Tasalla, ina ruwanki? 'Ya'yanki ne? Su fa za su yanke ki!” Na zagi garin, na zagi dokarsu, na zagi yatsana, na cire ƙafata na koma ta taga ina kuka. Ba jarumta ba ce. Na dai san in na tafi, wannan dus ɗin zai bi ni har kabari. Yaya ya zauna a gindin taga ya yi ta kuka shi ma, jaki yana cin kwandon.

Da na koma kan dutsen niƙa sai wani abu ya faɗo mini. Lokacin da na ƙwanƙwasa, yatsana bai sauka a shafaffen wuri ba. Ya faɗa cikin ɗan gurbi, daidai shi, kamar an auna. Me zai yi gurbi a ƙaurin da ba a taɓa taɓawa ba? Na kuma tuna mundayen da ke ƙafarta: duk ƙwayoyinsu ƙanana ne, sai ɗaya babba ta wajen diddige. Wace maginiya ce za ta yi wannan kyakkyawan aiki ta bar ƙwaya ɗaya ta fi sauran, in ba da dalili ba? Na juya abin a raina har rana ta uku ta wuce. Tabbas ba ni da shi, zato ne kawai, kuma a kan zato zan ɗora hannuna.

Safiyar ranar Shafe gari duka ya taru. Magajiya tana kan karaga, mata talatin da ɗaya suna tsaye da jarirai, Inna Gwamma a gaba. An kafa gungume, wani ƙato yana tsaye da adda. Babbar Uwa kuwa tulunta ya daina zuba ɗungum, jikinta na sheƙi da ruwa, jama'a suna guɗa.

Na durƙusa na ce, “Ranki ya daɗe, a kawo randuna biyu, lafiyayya da mai tsaga, a shafe su da launi, a ɗaure mini ido. In ban bambanta su ba, a yanke.”

Magajiya ta ce, “Ba mu musa kin san randa ba. Uwarmu ba randa ba ce. Miƙo hannun.”

Ƙaton ya kama wuyan hannuna ya ɗora a kan gungume. Itacen yana da sanyi. Na ji muryar Yaya Nomau yana salati a bayan mutane. Na ɗaga kai na ce, “Ranki ya daɗe, tambaya ɗaya. Hannun nan da aka riga aka yanke wa hukunci, in ya sake taɓa Uwa, sau biyu za a yanke shi?”

Ta ce, “Sau ɗaya.”

“To tunda ya riga ya tafi, a bar shi ya yi aikinsa na ƙarshe. In ban nuna muku abin da zai sa ku dakata ba, ga shi nan, ba gudu zai yi ba.”

Aka fara gunaguni. Inna Gwamma ce ta yi magana. Ta ce, “Ranki ya daɗe, shekara arba'in ina wa Iyaye hidima, ban taɓa roƙon komai ba. A bar ta.”

Magajiya ta nuna inuwar gungumen da yatsa ta ce, “Kafin inuwar nan ta kai bakin tabarma. In kuma kika yi mata lahani, da na hagun za ki biya.”

Yanzu hannu biyu ke nan a kan zato ɗaya. Na ce mata su ja da baya da jarirai, suka ja don tsoron abin da zan yi. Na kwance bakin zanena na ciro tsingaron kakata, gefensa mai kaifi. Na nemi gurbin nan a ƙauri na fara kankara. Launi ya yi ta zubowa ɓawo-ɓawo, kaurinsa ya kai tafin hannu, ja a kan ja, shekara a kan shekara. Duk kankara ɗaya sai jama'a su yi nishi kamar naman jikinsu nake yanka. Ina ji a tafin hannuna jikin Uwar yana ɗan rawa. Na waiwaya, inuwa ta ci rabin hanya.

Sai tsingaron ya zame a kan wani abu mai santsi. Na share da tafin hannu. Lantana, ga shi nan! Jan kakata, shi ɗin dai, mai zurfi, yana ɗaukar ido. Na kara tsingaron a gefensa, ba a bambanta su. A tsakiyar jan kuwa ga gurbi, lumui, irin wanda yatsu ke yi wa abu in sun shekara ɗaruruwa suna sauka a wuri ɗaya.

Na ce, “Inna, zo ki gani! Wa ya yi wannan, gora? Kakanninku ƙwanƙwasa ta suke yi, kullum, su ji lafiyarta. Ku ne kuka daina!”

Inna Gwamma ta matso ta sunkuya ta duba gurbin. Magajiya ta miƙe tsaye. Amma a daidai lokacin na ji wani ƙas daga sama, wata tsaga ta buɗe a cikin Uwar, ruwa ya fara fesowa siriri kamar zare. Mata suka yi kururuwa. Na faɗi a gindin ƙafarta na kama babbar ƙwayar mundaye ina kankara kamar mahaukaciya, ina cewa ya Allah, ya Allah, kada zatona ya zama ƙarya. Launi ya ɓare. Ba ƙwaya ba ce, marfi ne na gasasshen yumɓu, da zobe a jikinsa don ja. Na zura wannan yatsa nawa na tsakiya a zoben na ja. Ya ƙi. Na kafa ƙafa a diddigenta na ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Ban ji fitarsa ba, jifa kawai na ji an yi da ni. Baƙar laka mai wari ta yi tsiri ta share tabarmin nan talatin da ɗaya, ta tafi da gungumen, ta kayar da ƙaton da addarsa. Ɗan farin zanen nan ban sake ganinsa ba. Laka ta yi ta fita, sannan jan ruwa, sannan fari tas. Feshin da ke cikinta ya tsaya. Na mai da marfin da hannun hagu, don na dama ya ƙi ɗagawa, yatsan ya juya baya kamar ba nawa ba. Muka jira. Can sai muka ji ƙugi a cikin ƙirjinta, tulun kafaɗarta ya yi tari sau biyu ya kece da ruwa.

Na zaci shi ke nan. Ina! Magajiya ta bari guɗa ta lafa sannan ta ce, fuskarta ba walwala, “Baƙuwa, kin ceci 'ya'yanmu, ba mai musun wannan. Amma doka ba ni na kafa ta ba, ba kuma ni zan karya ta ba. A ɗauko gungumen.”

Wallahi a nan ƙarfina ya ƙare. Na zauna cikin laka na rungume hannun ina jira.

Inna Gwamma ta kwance goyonta ta miƙa wa Yaya Nomau jaririyar, shi da bai taɓa riƙe jariri ba. Ta taka cikin laka har gaban Babbar Uwa. Ta ɗaga hannunta na dama, ta daɗe a haka. Sannan ta manna tafinta a kan jan nan. Ta fashe da kuka ta ce, “Wayyo Uwa, ashe ɗumi gare ki. Shekara arba'in!”

Ta juyo ta ce, “Ranki ya daɗe, hannu biyu ke nan za a yanke.”

Wata yarinya mai jego ta gyara ɗanta a kafaɗa ta je ta dafa. Wata ta bi ta. Kafin ka ce me, duk talatin ɗin sun dafa, sai kakanninsu, sai dogarawan da suka murɗe ni. Ƙaton ya duba addarsa, ya duba matarsa a cikin layi, ya ajiye addar a ƙasa. Magajiya tana tsaye ita kaɗai. Ta sauko a hankali, ta zare zobbanta ɗaya bayan ɗaya ta ba wata ta riƙe, ta lanƙwasa yatsa ta ɗan taɓa gurbin.

Ta ce, “Haka ake yi?”

Na ce, “Da ɗan ƙarfi, ranki ya daɗe, ba ƙwai ba ne.”

Shekara biyu na yi a Gwazarma. Muka kankare Iyaye tara, muka buɗe marafansu, muka ɗinke tsagar Babbar Uwa. Ba ta sake amsawa da zaƙi ba, abin da ya tsage ya tsage, amma tana tsaye tana ba da ruwa. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kan yatsan, ga yadda ya kama. Sirrin jan kuwa na gano shi muna kankara: tun yumɓu yana ɗanye ake shafa shi, a goge da dutse mai santsi har hannu ya gaji, a gasa su tare. Kuma duk inda ya fi sheƙi a jikin matan nan, wurin da hannaye suka fi taɓawa ne. Da na dawo na je kabarin kakata na gaya mata.

Ranar da za mu taso, Inna Gwamma ta rako mu farfajiya da jikarta, yarinyar na tafiya dagwai-dagwai. Yarinyar ta saki zanen kakarta ta nufi Babbar Uwa, ta yi ɗage ba ta kai gurbin ba, sai ta lanƙwasa ɗan yatsanta ta ƙwanƙwasa babban yatsan ƙafar, ta kara kunne. Ba wanda ya ko waiwaya. Yaya Nomau ne kaɗai ya ɗora hannu a ka don sabo.

Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na manta Allah ya sani. Tashi, rana ta juya. Waccan randar da kika gama jiya kina ta yabon zanenta, ɗauko ta nan. A'a, ba ni za ki miƙo wa ba. Lanƙwasa naki yatsan, ni ina saurare.